Magarya Goma Sha Biyu da Rediyon Gajere

Labarin nan an ba da shi a kasuwar Gangara, an ba da shi a tashar Tanut, har Balbeji ya kai, kuma ko'ina a karkace ake ba da shi. Wasu su ce magarya shida ce, wasu su ce Mushe Abdulmajid ne ya bar garkarsa a buɗe. Magarya goma sha biyu ce, kuma Mushe bai bar komai a buɗe ba, buɗe masa aka yi. Ga yadda abin ya faru, daki-daki.

Mushe Abdulmajid ya yi shekara talatin da huɗu yana riƙe da alli, shi ya sa ake ce masa Mushe kamar kowane malamin boko, ya sauka yana diraktan lakwal, wato shugaban makaranta. Da ya yi ritaya sai ya koma garinsu, Tudun Aduwa. Ya sayo dashen magarya mai aure, wato wadda aka haɗa reshen mai kyau a kan gindin ta daji, daga Damagaram, irin wadda ɗanta ke kai girman ƙwan kaza, ya dasa bayan gidansa, ya kewaye da ragar waya mita sittin. Shekara biyu yana ba su ruwa safe da yamma, shekara biyu gari na yi masa dariya. Magaryar da ke tsira a daji ba wanda ya roƙe ta, ita ce mai ilimi ke ɗaukar wa jarka. Har a bakin masallaci an taɓa tambayarsa ko baɗi tumfafiya zai fara shayarwa. Mushe ya ci gaba da ɗaukar jarkarsa, 'ya'ya yake jira su amsa masa. A sanyin bara suka yi 'ya'yan fari, manya, kore shar, ranar da abin ya faru saura kwana goma su nuna.

Gonar da ke manne da garkar ta Amadu ce, wanda kowa ke kira Gajere. Mushe kaɗai ke kiransa da sunan yanka, domin ɗalibinsa ne, ya maimaita aji ɗaya sau biyu a hannunsa. Gajere ya yi shekara bakwai a Agadas yana tuƙa wa wani Bature mai haƙa rijiyoyin burtsatse mota. Baturen nan yana da wata ɗabi'a, da yamma sai ya kunna wani akwatin rediyo ya yi ta magana da mutanen da bai taɓa gani ba a ƙasashen duniya. Da zai tafi gida ya bar wa Gajere akwatin. Gajere ya nemo takardar izini daga Yamai da lambar kiransa, ya dawo gari, ya sa wa kansa suna Injiniya.

A majalisar shayi aka tambaye shi amfanin wannan wahala, alhali kowa na da salula a aljihu. Ya ce salula baiwar kamfani ce, ranar da layi ya ɗauke sai ka hau tudu kana ɗaga hannu kamar mai kiran shaho. Nasa kuwa daga bakinsa sai sama, daga sama sai bayan teku, ba mai tsayawa a tsakani. Ya ce ko a cikin masu irin wannan rediyo akwai yara akwai manya. Yara su ne masu gajeren zango, manya kuwa suna kan zangon mita ɗari da sittin, wanda ba ya buɗewa sai rana ta faɗi, kuma sai lokacin sanyi. Ya rantse kafin watan ya mutu sai maigari ya gaisa da mutanen Turai daga gindin gawon gonarsa.

Dogon zango yana son doguwar waya, kuma yana son ta a sama. Gajere ya haɗa tsofaffin bututun rijiya uku, ya tara ƙarti goma su ɗaga, shi kuwa ya tsaya gefe hannu a ƙugu yana ba da umarni. Bututun ya miƙe har rabi, ya yi tunani, ya lanƙwashe daga mahaɗa, ya sauka a kan rumbun waken matarsa Husaina. Husaina ta fito ta dubi rumbu, ta dubi miji, ta tambaye shi ko mutanen Turai sun ji ƙarar. Ya ce wannan gwaji ne, a aikin injiniya ana fara gwada faɗuwa kafin a gwada tsayuwa.

Washegari ya hau gawo da kansa don ɗaura wayar. Hawa ya yi kyau. Wajen saukowa ƙaya ta kama rigarsa ta baya, ta kama wandonsa ta gefe, ƙafarsa kuma ta ƙi kai reshen ƙasa. Tun hantsi yake maƙale har aka kira azahar, duk wanda ya zo wucewa sai Gajere ya ce masa iska yake aunawa. Wanda ya cece shi Almustafa ne, wani makiyayi mai raƙuma da shanu da ya sauka arewacin gari, ya shigo sayen sukari da ganyen shayi. Almustafa ya jawo raƙuminsa ƙarƙashin gawon, Gajere ya diro a kan tozo, ya bar rabin rigarsa a sama. Wayar dai ta ɗauru, daga gawo zuwa wata aduwa, ta ratsa hanyar rijiya. Da yake ta yi ciki a tsakiya, kafin la'asar ta tuɓe wa maigari Hashimu rawani yana kan babur.

Da magariba ya haɗa batir, ya kunna. Ba abin da ya fito sai wani sauti kamar ana suyar ƙosai. Kwana biyu ana suya. A rana ta uku Gajere ya gano mai laifi, ya ce ƙasa ce. Rabin aikin irin wannan rediyo a ƙasa yake, sai an binne ƙarfe mai faɗi an jiƙa shi, yashin ƙasarsu ta Damargu kuwa busasshe ne. Ragar waya ake bukata. Duk Tudun Aduwa kuma mutum ɗaya ke da ragar waya.

Mushe ya ƙi sau uku, a lura da wannan. A zuwa na huɗu Gajere bai yi maganar raga ba. Ya zauna a tabarma, ya ɗaga kai ya dubi ƙwallon taswirar duniya da ke bisa kabad, wanda Mushe ya yi shekaru yana juyawa a gaban yara.

"Mushe, ƙasashen nan da kuka koya mana, kun taɓa jin mutumin can ya amsa muku da bakinsa?"

"Wanda ya sa mini Faransa a kudancin Zandar ba shi zai tambaye ni wannan ba, Amadu."

"To ai shi ya sa. Ni na kawo akwati, amma sanin duniya naku ne. In murya ta fito, wa zai nuna wa gari inda take?"

A nan, kuma a nan kaɗai, Mushe ya yi rauni. Amma bai yi sakaci ba. Hukuma ta riga ta sanar da ranar sakin gonaki, wato ranar da ake buɗe wa makiyaya gonakin da aka girbe su shigo da dabbobi su ci kara, su bar taki. Kafin wannan rana ba garken da ke ratsa gona, awakin gari ma a ɗaure suke. Ranar kuwa Alhamis ce. Mushe ya ɗauko kaye, littafin rubutunsa, da jan bik, biron da yake ba da maki da shi, ya rubuta cewa ya ba da aron raga ranar Lahadi, za a mayar da ita a kafa ta yadda take ranar Laraba kafin azahar. Ya yi kofi biyu, Gajere ya sa hannu a duka biyun, da wani dogon zane mai jela.

Aka kwance raga, aka shimfiɗa ta a gindin gawo, taku arba'in daga magaryar farko. Aka haɗa ta da rediyo da waya mai kauri, aka rufe da yashi, aka kwarara ruwa. Suyar ƙosai ta ragu kaɗan, amma ba murya. Sai Gajere ya tuna Baturensa yakan barbaɗa gishiri a gindin ƙarfen da yake kafawa, wai ƙasa mai gishiri ta fi ɗaukar magana. Bature tafin hannu ɗaya yake zubawa. Gajere ya lissafa cewa wanda ke son ya fi Bature nisa sai ya fi shi gishiri. Ya sayo kantu huɗu na gishirin Bilma da buhun kanwa, ya sa aka daka, ya jiƙa a ganga, ya shayar da wurin har yashi ya yi fari.

Husaina ta gaya masa tun daren jiya awakinta ke jan igiya suna fuskantar gawo, kuma duk wanda ya taɓa kiwon ko da tunkiya ɗaya ya san abin da dabba ke yi in ta shaƙi gishiri bayan wata uku a daji. Ya ce akuya ba ta san kimiyya ba. Mushe kuwa ba a gaya masa zancen gishiri ba. Da an gaya masa, da labarin nan ya ƙare a nan.

Ranar Laraba da hantsi Mushe ya iso gindin gawo da kayensa a hammata. Ya tarar da Gajere yana kafa rumfa.

"Amadu, yau wace rana ce?"

"Laraba, Mushe."

"Madalla, an samu ci gaba. Ina ragata?"

Gajere ya nuna ƙasa. Ya ce raga tana aiki, yanzu ta fara sabawa da wurin, in aka tono ta komai ya koma farko. Jiya da magariba ya ji wani abu kamar tari daga nesa, ya tabbata tarin Bature ne. Kuma ya riga ya gayyaci maigari da liman da mutanen Gangara gobe bayan magariba. Mushe ya buɗe kaye ya karanta masa yarjejeniya da ƙarfi, ya nuna masa sa hannunsa mai jela. Gajere ya ce shi bai musa ba, hannunsa ne, amma lokacin da ya sa shi bai san sararin sama zai ja rana ba.

Mushe ya wuce kai tsaye ƙofar maigari. Ya tarar an shanya babbar rigar maigari ta salla a kan igiya, an ba ta shuɗi. Maigari Hashimu ya saurare shi har ƙarshe, ya ce gaskiya tasa ce ba ko shakka, amma kwana ɗaya ba ya kashe itace, a yi haƙuri a ga abin da Allah zai yi, tunda har an gaya wa baƙi. Mushe ya rubuta ƙin yardarsa a kaye, da rana da sa'a, ya karanta wa maigari. Sannan shi da matarsa Kaltuma suka wuni suna jan ƙaya, abin da suka samu bai rufe ko kashi ɗaya cikin uku na garkar ba.

Alhamis tun da asuba garake suka fara gangarowa daga arewa, shanu da raƙuma da tumaki, suka bazu cikin kara. Aka kwance awakin gari. Mushe ya ɗauki sanda ya tsaya a tsakiyar magaryarsa tun fitowar rana. A nan ya karya, a nan ya yi azahar da la'asar. Ya lura da wani abu da ya ba shi mamaki, dabba na cikin cin kara sai ta ɗaga hanci, ta juyo wajen gawo, ta matso taku biyu. Ya kori akuya goma sha tara kafin rana ta yi ja. Magariba ma a garkar ya yi ta, sandarsa a gefen tabarma, Kaltuma ta zo taya shi gadi.

Da aka fito masallaci gari ya kwararo gindin gawo. Maigari ya zauna a kujera cikin shuɗiyar riga, liman a damansa, baƙin Gangara a tabarma, mata daga baya. Gajere ya sa wata hular kwano ta masu haƙa rijiya, ya naɗa igiyar mikiro, abin da ake magana a ciki, a wuyan hannunsa sau uku don kada wani ya fizge, ya yi jawabi a kan jahilci da masu dariya. Sannan ya murɗa. Suya ta tashi, ta lafa. Ya yi kira da Faransancinsa na direba, sau ɗaya, sau biyu. A na uku, daga can ƙarƙashin suyar, siririyar muryar namiji ta amsa.

Dole a faɗi gaskiya ko da a kan Gajere ne, abin ya yi. Wuri ya yi tsit, har a garka Mushe ya ji. Muryar ta yi magana da sauri, ta tsaya. Gajere bai kama ko kalma ɗaya ba. Faransancin da ya iya na fita ne, bai iya na shigowa ba. Ya juya wajen garka ya ƙwala kira:

"Mushe! Ga shi ya zo, ku taimaka kafin ya tafi!"

Mushe ya dubi magarya, ya dubi gawo. Ya miƙa wa Kaltuma sanda. Minti huɗu ya yi a gindin gawon nan, da agogo, kuma duk mai cewa ya fi haka ya zo ya faɗa a gabansa.

Muryar ta sake magana. Mushe ya san wurin da ta ambata, ya sha ɗora yatsa a kansa. Ya gaya wa jama'a mutumin daga Baljiyam yake, arewa da Faransa, bayan hamada da teku. Ya gaya wa Gajere abin da yake so abu biyu ne kawai, a maimaita masa lambar kira, a gaya masa ƙarfin da ake jin sa. Da an yi wannan magana ta ƙullu, zai rubuta ta a littafinsa. Kuma ya ce a yi sauri, hanya na rufewa.

Gajere ya gyara hular kwano. Ya ce wannan ba tarbiyya ba ce, baƙo ya taso tun daga bayan teku a tare shi da lamba kamar motar haya, ga manya zaune. Ya danna mikiro ya fara gaisuwa. Ya tambayi Bature gajiya, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi sanyi, ya tambaye shi yadda suka ga damina. Muryar ta ce lamba. Gajere ya ce ana zuwa. Ya gabatar da kansa, Injiniya Amadu, ya gabatar da maigari Hashimu, ya gabatar da liman. Ya faɗi sunan gari, Tudun Aduwa, ƙaramar hukumar Gangara, yankin Tanut, jihar Damagaram, har da cewa in an zo kasuwa a bi hanyar rijiya. Muryar, tana ƙara sirancewa, ta ce don Allah lamba. Mushe ya ce, "Amadu, lamba." Gajere ya ce saura maigari ya sa albarka.

Duk wannan lokaci kowa ya ba filin baya. Ba wanda ya ga shanun Almustafa sun iso kan farin yashin, sun sa harshe, sun sa kofato suna tono. Bayansu raƙuma, bayan raƙuma tumaki, bayan tumaki duk wata akuya da ke Tudun Aduwa. Wani jan bijimi ya tura kai cikin ramin da ya tona, ƙahonsa ya shiga idon raga. Ya ɗaga kai, raga ta taso. Ya girgiza, ta naɗe shi. Maigari ya sunkuyo ke nan ya ce bismilla, bijimin ya yi wani irin kuka a daidai lokacin da mikiro ke danne, ya zabura.

Raga ta bi bijimi, waya mai kauri ta bi raga, rediyo ya bi waya ya tashi daga tebur, igiyar mikiro ta bi rediyo, Gajere ya bi igiyar mikiro. An gan shi ya ratsa tsakanin baƙin Gangara a kan ciki, hular kwano na gaba yana biye, yana ihu a riƙe masa batir. Sai da ya share kusan taku talatin cikin kututturen gero kafin igiyar ta tsinke. Rumfa ta kife a kan kujerar maigari. Dabbobin da suka firgita kuwa suka watse ta hanya mafi kusa, hanya mafi kusa kuma ita ce garkar da ba ta da shinge, mai ɗanyen ganye a tsakiyar rani.

Mushe ya iso da gudun da bai yi irinsa ba tun yana ɗalibi. Shanu sun bi ta kai sun kakkarya itatuwan daga daidai wurin aure, raƙuma sun zuge ganye da 'ya'ya, awaki na gama saura. A kusurwar gabas ya tarar da Kaltuma, sanda a hannun dama, muciya a hagu, ta rufa wa itace ɗaya zanenta na sama, tana faɗa wa wani raƙumi maganganun da ba za a rubuta ba. Wannan ɗaya ta tsira. Goma sha ɗaya sun tafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka zauna a ƙofar maigari. Gajere ya zo da ƙyalle a haɓa, ya fara da cewa shi aka fi yi wa ɓarna, shanun Almustafa sun katse hulɗar Damargu da Turai. Almustafa ya gyara tagelmust ɗinsa, wato rawanin da ke rufe masa baki, ya yi magana a hankali. Ya ce hukuma ta ce Alhamis, shi kuma Alhamis ya shigo, bai riga ta da ko sa'a ɗaya ba. Shekara arba'in yana kiwo bai taɓa ganin manomin da ya tarbi baƙi da kantu huɗu ba, ya ɗauka karamci ne, yana ma shirin kawo cuku ya yi godiya. Ya tambaya ko baɗi ma za a zuba, don ya gaya wa 'yan uwansa na Balbeji.

A nan ne Mushe ya fara jin zancen gishiri. Ya miƙe tsaye. Ya tambayi Gajere a wane gari aka haife shi, Gajere ya ce a nan. Ya tambaye shi me ubansa ke ba tumaki in suka rame, ya ce kanwa. Ya tambaye shi me ake saki ranar sakin gonaki. Gajere ya ce tambayar tana da faɗi. Husaina daga bayan zana ta ce ta gaya masa, ya ce akuya ba ta san kimiyya ba. Dariyar da aka yi sai da liman ya share hawaye.

Wani baƙo ya ce ai magarya ce, za ta sake tohowa. Mushe ya juya ya yi masa darasi. Abin da zai toho daga ƙasan aure magaryar daji ce, mai ɗa kamar ƙwayar wake, shekara biyu na jarka sun tafi. Sannan ya karanta bukatunsa, guda huɗu. A warware raga a gyara ta a kafa ta yadda take. A sauke wayar gawo a ƙara wa shingen tsawo da ita. A kawo dashe goma sha ɗaya masu aure daga Damagaram. Kuma Amadu ya shayar da su da hannunsa safe da yamma har ranar da za su yi 'ya'ya. Maigari, wanda rigarsa ta salla ta yage a kafaɗa, bai rage ko ɗaya ba. Mushe ya nemi a rubuta cewa shi ma maigari an gargaɗe shi ranar Laraba. Maigari ya ce a tashi, la'asar ta yi. Wannan bukata har yau tana nan ba a biya ta ba.

Bayan kwana tara itacen da Kaltuma ta tsare ta nuna 'ya'ya bakwai. Mushe ya kai su bakin masallaci a faranti, ya yanka ƙanana, ya fara miƙa wa mutumin nan mai zancen tumfafiya. Mutumin ya tauna, ya tambaya ko ana samun dashen a Tanut. Mushe ya ce ana samu, amma sai an ɗauki jarka. Gajere ya miƙo hannu, aka gaya masa nasa na cikin goma sha ɗayan.

Tun daga nan kullum da safe Gajere na zuwa da jarka biyu a amalanke, Mushe na biye da shi da kaye da jan bik. Yana duba zurfin ruwa da tsinke, yana jijjiga shinge, yana ba da maki bisa ashirin. Mafi yawan da Gajere ya taɓa samu tara ne, ranar da aka yi ruwan sama.

Ana cikin damina sai ga kati daga gidan wayar Tanut, ya yi wata biyar a hanya. A bayansa an rubuta Injiniya Amadu, Tudun Aduwa, Gangara, Tanut, a bi hanyar rijiya. Gajere ya zagaya gari da shi sau biyu kafin ya kawo wa wanda zai iya karantawa. Mushe ya sa tabarau a bakin garka, ya karanta wa jama'a kalma-kalma, bai ƙara ba bai rage ba, don ba halinsa ba ne. Mutumin Baljiyam ya ce iyalinsa lafiya, sanyi da sauƙi, yana gaida maigari da liman. Ya ce shekara ashirin yana neman Nijar a wannan zango, ya ji komai sarai har da kukan bijimi, lamba kaɗai bai ji ba, don haka bai iya rubuta komai a littafinsa ba. Yana roƙon a sake gwadawa in sanyi ya dawo, da irin wannan ƙasa mai kyau.

Gajere ya karɓi katin ya sa a aljihun gaba. Ya ajiye jarka, ya dafa ragar da shi da kansa ya kafa, ya ɗan jijjiga ta yana auna ta da ido.

"Mushe, kwana uku kacal. Wannan karon sai mu rubuta kofi uku."

Mushe Abdulmajid ya buɗe kaye, ya cire murfin jan bik, ya rubuta makin ranar, ya juya shafin ya nuna masa: sifiri bisa ashirin.

"Ɗauki jarka, Amadu. Ta bakwai ba ta sha ba."